Layukan Fensir na Athol Viney

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zama a hannun hagun Athol Viney ina juya masa takarda, kuma har yau ban iya karanta rubutun kiɗa ba. Haɓarsa nake karantawa. In ya kusa ƙarshen shafi sai ta ɗan ɗaga, kamar mai shirin atishawa, ni kuwa in miƙa hannu in juya. Sau biyu kacal na taɓa juyawa ba daidai ba, duka biyun kuma atishawar ce ta gaske.

Athol mai gyaran piyano ne. Tun yana ɗan shekara ashirin yake yawo a arewacin tsibirinmu na Tasmaniya da mota da jakar fata ta kayan aiki, daga Deloraine har Burnie, gidajen manoma, makarantu, ɗakunan taro. Ran Lahadi ya kaɗa mana a coci. A gonar shanu aka haife shi, sistocin coci ne suka koya masa kiɗa, da rula a hannu. Ya taɓa zuwa Melbourne, ya yi wata bakwai cikin makaɗan da ke zama ƙasan dandamali a wani babban gidan wasa. Ana nan mahaifiyarsa ta faɗi ta karye a ƙugu, ya dawo gida da niyyar mako biyu. Tsohuwar ta ƙara shekara ashirin da shida a duniya. Bai yi aure ba. Ya dai yi karnuka huɗu, ɗaya bayan ɗaya, duk kuma suna guda ya sa musu, wai don kada ya wahalar da kansa.

Mutum ne dogo, mai ɗan doro, kullum da alewar na'a-na'a a kunci. Da sanyi, kafin ya taɓa piyano, sai ya cusa hannuwansa a hammata ya tsaya shiru kamar an yi masa faɗa. Ba ya son a gode masa. In ka ce, "Athol, yau kiɗan ya yi daɗi," sai ya ce, "Ku ne kuka yi waƙar, ni rakiya na yi."

Mijina Clarrie, Allah ya ji ƙansa, a injin yanka katako ya yi aiki, amma a coci shi ne mai murya. Duk ranar Ista shi kaɗai yake rera waƙar fitowar Ubangiji daga kabari, wadda ƙarshenta ke hawa sama. A Istarsa ta ƙarshe, muna tafiya gida, ya kama hannuna ya ce, "Dulcie, kin ji? Saba'in da bakwai, kuma ina kai wa inda na kai ranar aurenmu." Kafin tuffa ta sake yin fure ya rasu.

Bayan jana'izarsa na koma zama a bencin baya. Lahadi ta huɗu Athol ya tako har inda nake.

"Matar Clarrie, taso ki zauna kusa da ni. Hitar ɗumama ɗaki tana can, kuma ina bukatar hannu na uku."

"Ka san ban iya wannan karatun ba. Tun ina sha huɗu na bar makaranta na shiga shirya tuffa a kwali."

"Ni ma rabinsa cinta nake yi. Taso."

Haka na samu aiki.

Duk tsakiyar sanyi ana yin bikin waƙe-waƙe a Launceston, kuma a nan ne tsofaffin taurarin wasan kwaikwayo mai waƙa suke zuwa mana daga Landan da New York. Waɗanda manyan dandamali suka riga suka sallama. Sukan zo da akwati ɗaya da riga mai ƙyalli ɗaya, su tsaya a ɗakin sama na otal, gaban ƙananan tebura da kujeru sittin, daga su sai piyano. Su yi waƙa, su yi hira, su sake yin waƙa, kusa da kai har kana ganin hodar da ta taru a gefen idonsu. Namu wasan ƙarfe biyu na rana ake yi, domin masu zuwa duk sa'o'ina ne, ba mai son tuƙi bayan faɗuwar rana walabi, namun dajin nan masu tsalle, suna tsallaka titi.

Wata shekara Corinne Thursby ce ta zo. Shekara bakwai a jere ta yi tana wasa ɗaya a Landan lokacin ƙuruciyarta, kuma a cikinsa akwai waƙar da kowa ya sani, ta matar da ke tsaye bakin teku tana kiran mijinta da jirginsa bai dawo ba. Kira uku ne a ƙarshen waƙar, na ukun ya fi duka tsawo da hawa. Muna da faifan a gida. Clarrie yakan yi fitonta yana wanke kwanuka, ya ce na ukun nan ba na mutane ba ne.

Ba ta zo da makaɗi ba, kowane gari ta sauka ake nema mata. A nan aka nemi Athol, shi kuma ya ce ba ya zuwa sai da ni.

Ran Asabar da safe muka je gwaji. An kife kujeru a kan tebura, ɗakin yana warin giyar jiya da sabulun goge ƙasa. Ta shigo da mayafin ulu har haɓa, da ƙaton tabarau, da wani littafin kiɗa mai jan bango rungume a ƙirji. Ƙarama ce ƙwarai. A faifai na ɗauka doguwa ce.

"Wane ne sarkin makaɗan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe, tun da ba a samu na kirki ba."

"Wannan fa?"

"Dulcie. Ita ke juya mini takarda."

Ta sauke tabarau ta dubi carbin da ke naɗe a hannuna. "Har da waliyiya ka zo mini? Madalla. Yi ta ja, 'yar'uwa, za mu bukata."

Ta ɗora littafin a kan piyano amma ba ta ɗauke hannunta daga kansa ba.

"Doka ɗaya ce, sarkin makaɗa. Abin da ke rubuce, shi za ka kaɗa. Makaɗin da aka ba ni a Perth cewa ya yi wai in bari ya sauke mini waƙar ƙasa kaɗan don in huta. Na ce ya je ya sauke wa kakarsa. Shekara talatin da huɗu Aubrey yana kaɗa mini, bai taɓa sauke mini ko mataki ɗaya ba. Ka ji?"

"Na ji," in ji Athol.

Waƙoƙin farko sun tafi lafiya. Muryar ta yi kauri, ta yi duhu, amma tana da daɗi, kuma matar ta san inda za ta ja numfashi da inda za ta ɗaga gira. Sai muka zo ta bakin teku. Kira na ɗaya ya fita. Na biyu ya fita da ƙyar, na ga jijiyar wuyanta ta miƙe. Na uku ta buɗe baki, abin da ya fito sai ka ce ƙofar rumbun da aka daɗe ba a sa wa mai ba. Ta tsaya.

"Jirgin sama ne. Iskar cikinsa tana busar da mutum. Sake."

Aka sake. Aka kuma sakewa. A na ukun ma sautin bai fito ba sam, iska ce kawai.

Ta je bakin taga ta ba mu baya. Can ta ce, ba da muryar wasa ba, "Bara Aubrey ya rasu. Tun daga ranar ban sake kai wa ba. Likita ya leƙa maƙogwarona ya ce lafiya lau. Baƙin ciki ne, za ta dawo." Ta goge gilashin tagar da gefen mayafi. "Gari biyu suka rage, nan da Dunedin. Na yi wa kaina alkawari, in ba ta dawo ba kafin in koma gida, na bari. Ba zan tsaya gaban mutane suna tausaya mini ba. Kuma ban san abin da mace ke yi da ƙarfe bakwai na yamma ba in ba ta shafa hoda." Sai ta juyo da murmushin dandamali. "To! Ku Tasmaniyawa kuna da shayi, ko sai an aiko muku daga babbar ƙasar da ke tsallaken teku?"

Ta bar wa Athol littafin ya ƙara dubawa. Muka sayi kifi da soyayyen dankali muka zauna a motarsa bakin kogi, karen yana baya yana lissafa lomarmu da ido. Athol bai ci ba.

Ni kuwa akwai abin da ke cina tun a ɗakin. Mai juya takarda ba ta kallon tsakiyar shafi, kusurwa take kallo, inda za ta kama. A kusurwar shafin farko na waƙar tekun, can ƙasa, na ga wasu 'yan layuka na fensir, gajeru, a kwance, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowanne da shekara a gefensa da ƙanƙanin rubutu. Guda huɗu. Na goge yatsuna na buɗe na nuna masa.

"Athol, mene ne wannan?"

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Alewar da ke kuncinsa ta koma ɗaya kuncin.

"Datti ne."

"Dattin da ya iya rubuta shekara? Irinsa ne a littafinka na coci. Shekara tara ina ganinsu, na ɗauka lissafin gyaran piyano ne."

"Ke dai idonki ya yi yawa, matar Clarrie."

Na jira. Na iya jira, shi ma ya sani.

"Kowane layi mataki ɗaya ne," in ji shi daga baya. "Waƙa kamar kantar ajiye kofuna ce a bango. In mai ita ya fara ranƙwafawa, ba ka ce masa ya yi tsalle. Sai ka bari ya fita, ka sauko da kantar kaɗan, ya dawo ya miƙa hannu ya ɗauki kofinsa. Takardar tana nan yadda take, hannu ne ke kaɗawa a ƙasa. Yawancin mutane kunnensu ba ya ganewa, in dai ka lallaɓa." Ya shafa layukan da ɗan yatsa. "Wannan Aubrey, Allah ya ji ƙansa. Sau huɗu. Ita kuma ta ɗauka baƙin ciki ne. Ba muryarta ce ta tafi bara ba, mai riƙe mata ita ne ya tafi."

"Mu ma haka kake yi mana?"

"Dulcie, wa ya rage a cocin nan da bai kai saba'in ba? In na kaɗa muku yadda aka rubuta, sai Fada, limaminmu, ya kira motar asibiti."

"Clarrie fa?"

Ya juya ya ba kare dankali. "Clarrie murya gare shi."

Ban sake tambaya ba. Na ce, "To gobe yaya za ka yi? Ta hana ka."

"Ta hana." Ya rufe littafin. "Shekara hamsin da biyar ina zaune bayan masu waƙa, ba wanda ya taɓa jin kunya a gabana. Ba zan fara da baƙuwa ba. Sai dai huɗun ma yanzu ba za su isa ba. Na ji ta. Biyar take bukata."

"Ƙarya ce fa, Athol."

"Ni bakina a rufe yake. Ke dai ki juya takarda."

Ran Lahadi daga sujada muka wuce otal. Ɗakin ya cika, gashi fari ko'ina, sanduna jingine da tebura. Merle Saltmarsh, wadda ke jan mata a waƙar coci, ta kama tebur na gaba tun ƙarfe ɗaya da tsohon faifanta a jaka don a sa mata hannu. Corinne ta fito cikin riga shuɗiya mai ƙyalli, ta ce ta yi tafiyar kwana biyu don ta ga ƙarshen duniya, ga shi ta tarar ƙarshen duniya yana da kek mai kyau. Aka yi dariya. Ta ba da labarin daraktan da ya taɓa jifanta da takalmi, da na sarauniyar wata ƙasa da ta yi barci a layin gaba. Ta yi waƙa tara.

Kafin ta goma ta jingina da piyano tana magana a kan Aubrey, yadda yake cin biskit a ɓoye yana kiɗa, yadda bai taɓa ce mata ta yi kyau ba sai dai ya ce, "Ba laifi." Athol yana taɓa piyano a hankali ƙarƙashin maganarta, irin taɓawar da yake yi a coci lokacin da Fada ke shirya tebur. A ranar na fara kallon hannuwansa maimakon haɓarsa. Suna yawo kamar ba su da wurin zuwa, amma kowane zagaye sai su ɗan matso wajena, hagu, hagu, inda sauti ya fi ƙasa. Da ta ce, "Wannan taka ce, tsohon banza," ta ɗaga kai, hannuwan sun riga sun zauna a sabon wuri kamar a nan aka haife su.

Kira na ɗaya. Na biyu. Na damƙe carbina har ya yi mini shaida a tafi.

Na ukun ya fita. Ya fita cikakke, ya tsaya a ɗakin, ya daɗe, har na ji cokali yana rawa a kan faranti. Na ga idonta ya buɗe, ita ma mamaki take yi. Mutanen da sai an kama su suke tashi suka miƙe tsaye. Merle tana kuka da baki buɗe. Ni ma na yi kuka, kuma na san abin da na sani.

Aka kawo shayi, mutane suka kewaye ta. Athol bai tashi daga piyano ba. Ya yago takarda daga ɗan littafin aljihunsa yana rubutu a kan gwiwa.

"Na Dunedin zai kaɗa yadda aka rubuta," ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Ran Alhamis za ta fito da ƙarfin gwiwa, ta faɗi daga inda ya fi na jiya tsawo. Sa wannan a cikin littafin, wajen waƙar, yadda shi zai gani."

Ina cikin sakawa ta iso, fuskarta tana haske, takalmanta a hannu.

"Sarkin makaɗa! Ka ji ta? Ta dawo! Na ce muku za ta dawo. Waliyiya, carbin nan naki sai ki sayar mini." Ta sumbaci Athol a tsakiyar sanƙo. Sai idonta ya sauka a hannuna. Ni ban iya ɓoye abu ba, ko kyautar Kirsimeti Clarrie tun Nuwamba yake sanin tasa. "Mene ne wannan?"

"Gaisuwa ce ga abokin sana'a," in ji Athol. "Mu makaɗa muna da gulmarmu."

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

"Ke ba kya ƙarya, an gani a fuskarki. Ya taɓa mini waƙa?"

Da na ce a'a, da ta yarda. Na tabbata, domin so take ta yarda. Kalma ɗaya ce. Amma tun ina yarinya ban saba ba, bakina ya ƙi buɗewa, na sunkuyar da kai. Ta zare takardar daga yatsuna ta karanta. Gajere ne rubutun: a sauke biyar, a lallaɓa, kada a gaya mata.

Ta ajiye takalman a kan piyano, a hankali.

"Wa ya naɗa ka Allah a kaina?" Ba ta ɗaga murya ba, saboda mutane. "Na gaya maka da bakina. Ka mai da ni abin tausayi a gaban mutum sittin, suna tafa wa ƙarya, ni kuma ina ruku'u kamar sakarya. Mai gyaran piyanon ƙauye! Aubrey da zai yanke hannunsa kafin ya yi mini haka."

Na dubi Athol. Ya cusa hannuwansa a hammata, kansa a ƙasa. Ganinsa haka ne ya sa na yi abin da har yau nake kai wa gaban Ubangiji. Shirun farko ba ni da iko a kansa. Wannan kuwa ba wanda ya tambaye ni.

Na ce, "Ba shi ya fara ba."

"Dulcie," in ji Athol.

Amma na riga na buɗe shafin, yatsana yana kan kusurwa.

Ta sa tabarau. Ta san rubutun, na gani. Ta karanta shekarun da leɓe ba sauti, ɗaya bayan ɗaya. Sai ta nemi wurin zama, babu, Athol ya matsa mata a bencin piyano, suka zauna kafaɗa da kafaɗa kamar yara a aji.

"Wannan ta farkon," in ji ta, "shekarar da jaridu suka ce muryata ba ta taɓa kai haka ba. Ya yanko ya manna mini a madubi." Ta yi wata 'yar dariya. "Shekara talatin. Kowane dare. Yana cin biskit yana kallona."

"Mutumin ya iya aiki, ranki ya daɗe," in ji Athol. "Ban san shi ba, amma na ga hannunsa. Bai taɓa saukewa ba sai da ya zama dole."

"Yau nawa?"

"Biyar."

"Matakai nawa suka rage kafin a kai ƙasa?"

"Za su ishe ki. Za su ishe mu duka."

Ta daɗe tana kallon tebura, ana kwashe kofuna. Merle tana tsaye nesa kaɗan da faifanta, tana jira. Corinne ta miƙe, ta sa takalmi, ta gyara fuska a gabanmu kamar mai sa hula, ta je ta sa wa Merle hannu har da zolaya. Ta dawo ta ɗauki littafinta. Ba ta yi mana sallama ba.

A mota na ce, "Athol, ka yafe mini."

"Me kika yi? Gaskiya kika faɗa." Ya tayar da mota. Sai da muka wuce gada ya ƙara da cewa, "Da na bar ta ta faɗi, da har yanzu tana da Aubrey ɗinta."

Ba ta yi waƙa a Dunedin ba, mun ji an ce mura ce. Bayan wata uku ƙunshi ya zo wa Athol daga Landan. Littafin ne mai jan bango, da ɗan kati: ta bari, kuma littafin ya zauna wurin wanda ya iya karanta shi. Ba gaisuwa, ba zagi. A ƙarƙashin layuka huɗun an ja na biyar da tawada, da shekarar a gefe.

Na ce masa ai wannan alamar ta huce ce. Ya ce wataƙila. Ya ajiye littafin a kan piyanonsa na gida, bai sake karɓar aikin biki ba. Ya ci gaba da kaɗa mana ran Lahadi, amma ya daina zolaya, kuma sau da yawa in an gama sai in ga yana kallon mutane suna fita, kamar yana tambayar kansa wani abu a kansu. Sau ɗaya ya ce mini, "Ko na cuce ku ne, Dulcie?" Na ce ban gane ba. Ya ce shi ke nan.

Sanyi na biyu bayan wannan, maƙwabcinsa ya ji karen yana haushi tun safe. An same shi a kujera, da takalmi ɗaya a ƙafa.

Don jana'izar aka aro mana makaɗi daga wata coci a Devonport, wani dattijo mai tsabta, ya zo da nasa littafin. Ya ce ba ya bukatar mai juya takarda, na koma benci kusa da Merle. Cocin ta cika, har manoman da ba su taɓa shigowa ba sun zo, waɗanda ya gyara wa piyanon iyayensu.

Aka ta da waƙar farko, wadda muke yi duk jana'iza, wadda za mu iya rerawa cikin barci. Layi na ɗaya muka bi. A na biyu na ji mazan sun fara kakarewa. Da aka zo inda take hawa, muryoyi suka dinga zubewa ɗaya bayan ɗaya, wani ya yi tari, wata ta koma raɗa. Merle ta yi ta maza ta kai hannu, muryarta ta tsage a tsakiyar coci, ta rufe baki da hankicinta na leshi, kunnuwanta sun yi ja. Baiti na ƙarshe piyano kaɗai ya yi shi, mutum ɗari da wani abu suna tsaye suna kallon akwatin Athol.

Mutumin bai yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da ke rubuce ya kaɗa.

A wajen shan shayi Merle ta ja ni gefe, hannunta a kan nawa.

"Dulcie, ke ce kike zama kusa da piyano. Gaya mini tsakani da Allah. Ni ce, ko mutumin nan ne? Makon jiya fa na kai wurin nan lafiya lau."

Ta kafe ni da ido. Shekararta tamanin da ɗaya, kuma waƙar nan ce ke fito da ita daga gida.

Na ce, "Mutumin ne. Bai san piyanonmu ba."

"Na faɗa!" in ji Merle. Ta saki hannuna ta ɗauki kek. "Na faɗa wa Fada, mutanen Devonport ba su iya komai ba."

Da kowa ya watse na buɗe bencin piyano na ɗauko littafin Athol. Kusan kowane shafi da layukansa, wani biyu, wani huɗu. Na nemo waƙar Ista. Uku ne a kusurwarta, da ƙaramin harafin farko na sunan Clarrie a samansu. Na ƙarshen, shekarar da ya kama hannuna ce a hanyar gida.

Na zauna a gefen hagu na bencin har hita ta huce. Sannan na sa littafin a jaka, na bi mutumin Devonport wajen ajiye motoci, na tarar yana neman makulli. Na ce yana da minti biyar, akwai abin da zan nuna masa a kusurwar takarda, kuma in ya gani ya riƙe a cikinsa.

Ran Asabar na je wurin Fada furta zunubi, kamar kullum. Na faɗi na Corinne, karo na nawa ban sani ba, har ya ce, "Dulcie, an yafe wannan tun tuni." Na Merle kuwa ban faɗa ba.